Haƙori Ba Ya Fitowa Sau Uku

Kakannin 'yan matan yau, lokacin da suke tashen budurci, ba farin haƙori suke nema ba. Yarinya takan tauna goro, ta kawo furen taba ta goga har haƙoranta su rine su yi ja, sannan ta fita dandali tana murmushi, samari na layi. Wadda Allah ya ba wushirya kuwa ta gama dacewa, don makaɗa ba sa wuce ta ba su zuga ta ba. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya hajji sai haƙorin Makka ya shigo: hajiya na buɗe baki, zinariya ta ƙyalla, an san ta sauke farali. Yanzu yayin ya koma kan allon waya. Abin nema shi ne haƙora farare tas, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, irin na 'yan fim da masu tallar kaya a Instagram da TikTok. Akwai tsofaffin da suka ga duk waɗannan yayi da idonsu. Amma haƙorin da ake yi wa adon shi ne dai wanda ya fito wa mutum yana ɗan shekara 7 ko 8, kuma ba za a ba shi wani ba.

Ɗana, 'yata, son kyan murmushi ba abin kunya ba ne. Akwai budurwar da ba ta dariya sai ta kai gefen gyale bakinta. Akwai saurayin da ya faɗi a kan babur, haƙorin gaba ya gutsure, tun daga ranar ya daina ɗaga hannu a aji. Irin waɗannan, gyara yakan mayar musu da walwalar da suka rasa, kuma likitancin yau yana da hanyar yin sa cikin aminci. Abin da ke sa babba ya tanka shi ne yadda matasa da yawa ke farawa daga inda ya kamata a ƙare. Mutum da lafiyayyun haƙoransa, waɗanda wanki kawai suke so, sai ya je ya miƙa su a gurje.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan mai sheƙi da likitoci ke kira inamel, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai ɗan launin rawaya, cike da ƙananan kafofi da ke zarcewa ciki. Can tsakiya kuma jijiya ce da hanyoyin jini, inda ran haƙorin yake. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, amma wannan ɓawo in ya tafi ya tafi ke nan. A fuskar haƙoran gaba kaurinsa wajen milimita 1 ne, kusa da dasashi ma bai kai rabin haka ba. Saboda haka tambayar da ta fi ta kuɗi da ta launi muhimmanci ita ce: aikin nan da za a yi, zai ci ɓawon ko zai bar shi?

Yawancin koken matasa a kan launi ne, sai dai duhun haƙori iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Wanda goro da shayi da kofi da sigari da shisha suka rina, a waje yake zaune, tare da dattin nan da ke daskarewa ya zama dutse a gindin haƙori, wanda buroshi ba ya iya ɓamɓarewa. Wankin haƙori a asibiti yakan kawar da su a zama ɗaya, ba tare da an rage komai ba. Akwai jita-jitar da ke hana mutane zuwa, wai wanki yana buɗe tsakanin haƙora, yana sa su girgiɗi. Gaskiyar ita ce giɓin dama yana nan. Dutsen ne ya ture dasashi ya zauna a wurin, da aka cire shi sai ɓarnar da ya daɗe yana yi ta fito fili. Da yawa daga masu tara kuɗin babban aiki, da za su fara da wannan wanki su dubi madubi, da sun mayar da kuɗinsu aljihu.

Abin takaicin shi ne maganin gida da ke yawo a bidiyo: a matse lemon tsami a garin soda, ko a daka gawayi, ko a haɗa toka da gishiri a dirje. Ɓawon haƙori yakan fara narkewa idan ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemon tsami kuwa tsakanin 2 da 3 yake, wato ya zarce iyakar nesa ba kusa ba. Lemon ya tausasa ɓawon, gawayi ya kankare. A makon farko mai yin ya ga haske ya yi murna, don saman da ya rine ya tafi. In ya ɗore, ɓawon ya yi ta sirancewa, rawayar da ke ƙasa ta fara leƙowa, ruwan sanyi ya taɓa ya ji zogi har ka. Sai ya ƙara ƙaimi wajen dirza, yana zaton datti ne ya dawo. Garin neman ƙiba an samo rama. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga wani nazari da ya bi diddigin binciken da aka yi a kan man goge baki na gawayi, bai sami hujjar da ta isa ta tabbatar da amfanin da ake tallatawa ko amincinsa ba.

Farantawa ta likita daban ce. Sinadarin feroksaid ake amfani da shi, wanda ke ratsa ɓawon ya wargaza launin da ke ciki ba tare da ya kankare shi ba. Hanyar da aka fi sani, ta zuba maganin a wata roba da aka auna daidai bakin mutum ya kwana da ita, wasu likitoci biyu na Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana ta a 1989. Tana aiki, amma ƙarfin maganin ne abin lura. Tun 2011 dokar Tarayyar Turai ta ce abin da za a sayar wa kowa a kanti kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. To, ina ga 'yar kwalbar da aka yo oda ta intanet, ba sunan kamfani, ba adadin abin da ke ciki, ko wadda mai gyaran gashi za ta shafa wa amarya tsakanin kitso da lalle? In ya yi ƙarfi yakan ƙona dasashi ya yi fari fat. Ko na likitan ma, a san cewa haƙori kan yi tsami na 'yan kwanaki, ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba, kuma hasken yakan dushe a hankali, musamman ga wanda bai rabu da goro da shayi ba.

Akwai kuma masu launin da ba laifinsu ba ne, kuma su ne suka fi shan gori. Idan sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha kafin ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke ginuwa a cikin muƙamuƙi, sukan fito da dabbare-dabbare, fari-fari ko ƙasa-ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. A garin Tibiri da ke jihar Maradi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya zarce wannan adadi nesa ba kusa ba, yara masu yawa suka taso da rinannun haƙora, wasu har ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. A Najeriya an san matsalar a yankin Langtang na jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe. Haka kafson tetarasaikilin, ja-da-yalon nan da ake saye a kemis ba takardar likita, in mai ciki ta sha ko aka ba ƙaramin yaro, yakan bar zane mai toka-toka a cikin haƙori har abada. Waɗannan launuka a ciki suke. Ko mutum zai kwana yana dirza ba za su fita ba, sai dai ya ƙarar da ɓawon. Ga irin su ne likita ke da abin yi na gaske: ya ɗan shafe sama-sama, ya faranta, ya lulluɓe da farin ciko, in ta yi tsanani sannan a yi maganar rufi. Haƙori ɗaya tilo da ya yi duhu bayan faɗuwa ko naushi kuwa, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, don haka hoto yake buƙata da magani kafin a yi zancen ado.

Sai babban yayi, wato biniya, siririn fallen tangaran da ake manna wa fuskar haƙori. Asalinta ma daga masana'antar fim ne. A 1928 wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, ya ƙera wa 'yan wasan Hollywood fallen da za su liƙa a ɗauki hoto, a gama su cire. Sai bayan da Michael Buonocore ya gano yadda za a sa abu ya kama jikin inamel a 1955, aka kuma gano yadda za a yi wa tangaran haka a farkon shekarun 1980, sannan ta zama abin zama dindindin. In hannun gwani ya yi ta, wajen rabin milimita ake ragewa a fuskar haƙori, kuma tana kyau ƙwarai ga wanda haƙorinsa ya gutsure, ya lalace, ko ya rine daga ciki.

Amma akwai wani aikin da ake sayarwa da sunanta alhali ba ita ba ce. Shi ne hula, wadda ake kifa wa haƙori gaba ɗaya bayan an gurje shi ta kowane gefe. Wani bincike da Edelhoff da Sorensen suka buga a 2002 ya auna bambancin a haƙoran gaba: biniya tana cin kashi 3 zuwa 30 cikin 100 na haƙorin da ke sama da dasashi, hula kuwa kashi 63 zuwa 72. An ƙirƙiro hula ne don ceton haƙorin da ya riga ya ruɓe ko ya fashe. Yi wa lafiyayyun haƙora goma sha shida ko ashirin haka don kawai su yi fari, shi ne abin da ya tayar da hankalin likitocin Ingila har tashar BBC ta yi shiri a kai a 2022, bayan hotunan matasa sun cika intanet suna murmushi da ƙananan kututture masu tsini a asibitocin Turkiyya, suna jiran a kifa musu huluna. A shekarar ce ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta tambayi mambobinta 1,000, kashi 86 cikin 100 suka ce sun yi jinyar mutanen da aikin da aka yi musu a waje ya zo da matsala. Turkiyya na da ƙwararrun likitoci, kada a yi musu kuɗin goro. Matsalar tana ga cinikin da ke haɗa tikitin jirgi da otal da sabon baki cikin mako ɗaya. Aikin da ya kamata a yi shi daki-daki, a gwada, a jira dasashi ya lafa, sai a cusa shi tsakanin sauka da tashi. In jijiya ta kumbura bayan wata uku, mai aikin yana Antaliya ko Istanbul, mai ciwon yana Kano ko Damagaram. Masu niyyar Dubai ko Alƙahira ma wannan lissafin ya shafe su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ko aikin ya yi kyau, akwai lissafin da mai talla ba ya faɗa. Biniyar tangaran takan kai shekara 10 zuwa 15, ta farin ciko kuwa wajen 5 zuwa 7. Yarinyar da ta yi tana da shekara 22, in Allah ya ba ta tsawon rai, za ta sake sau uku ko huɗu, kuma kusan duk sakewa sai an ƙara rage wani abu. Ba ta da zaɓin cewa ta fasa, don haƙorin da aka gurje ba ya zama tsirara. Kuɗin da ta biya yau kafin alƙalami ne, sauran na jiran ta lokacin da ga kuɗin makarantar yara, ga na haya. Mai cizon haƙora cikin barci, da mai fasa ƙashi ko buɗe kwalba da baki, nasa ba zai ma kai wannan wa'adi ba.

Wani abu da ake mantawa: haƙorin ɗan Adam ba fari fat ba ne. Ma'aunin launin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi na kamfanin VITA kala 16 ne, kuma babu fari sol a ciki, sai daga baya aka ƙaro wasu saboda masu farantawa. Baƙar fata kuma dama tana fito da hasken haƙori. Abin da ke burgewa a hoton da waya ta tace, a rana tsaka gaban dangi yakan fallasa kansa.

Haƙoran da suka hau juna ko suka turo gaba, maganinsu na asali wayar ƙarfe ce da ake ɗaura musu, ko robar nan mai garai-garai da ake sauyawa. Ba a rage ɓawo sosai, sau da yawa ma ba a taɓa shi, sai dai tana cin lokaci, galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, don haƙori yana matsawa ne yayin da ƙashin da ke riƙe da shi ke narkewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗayan. In an cire kuma sai an riƙa sa makari da dare, in ba haka ba su koma gidan jiya. Gaggawa ce ke sa wasu su zaɓi gurzawa a kan wannan haƙuri. Wasu kuma sun mayar da wayar kanta abin ado, suna zuwa shago a liƙa musu mai launi-launi don a ce 'ya'yan masu hali ne. Waya ba ta san wasa ba: in an ɗaura ta sai ta ja, ko da ba inda ake so ba. Hukumomin ƙasar Tailan, inda wannan yayi ya yi ƙamari, sun haramta sayar da irinta. Haka masu ɗaure haƙora biyu da ƙaramar roba don rufe giɓi. Robar takan sulale ƙarƙashin dasashi ta bi saiwa tana ci, har haƙoran su zube. Ko kamfanin SmileDirectClub na Amurka, mai aika robar daidaita haƙora ta gidan waya ba tare da an zauna gaban likita ba, ya rufe a Disambar 2023 ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar aiki.

Wushirya ta shiga tsaka mai wuya. Wasu masu ita suna biya a rufe don su yi kama da hotunan waje, wasu marasa ita suna biya a gurje musu tsakanin haƙora don ta samu. Na biyun ya fi haɗari, domin ɓawon gefe siriri ne, kuma masu yin galibi ba likitoci ba ne. Haƙori kan yi tsami, ya yi baƙi, jijiya ta mutu. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya yi kakkausan hani ga masu gurza haƙora su buɗe tsakaninsu don ado. A ɗaya gefen kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya sa na zinariya. Daga nan malamai da yawa suka bambanta gusar da lahani da sauya lafiyayyar halitta. Abin sha'awa, kusan a wurin da nagartaccen likita ke ja layi su ma suka ja. Wanda lamarinsa ya faɗa tsakani, ya kai wa malaminsa bayanin da likita ya yi masa.

Haƙorin Makka ma hula ce. In an kifa ta cikin sauri ba ta zauna daram a gindi ba, abinci yakan maƙale a ƙarƙashi, haƙorin ya yi ta ruɓewa a ɓoye, sai wari ko ciwo ya tona. Mai ita ya riƙa kai ta a duba.

Kafin duk wani ado, dasashi ne farko. Wanda ke tofar da jini in ya goge baki, ko yake da kogon da ba a cike ba, in ya ɗora tangaran a kai ya yi wa ɗakin ƙasa fenti ne alhali damina ta cinye gindinsa. Dasashin da ke ciwo yakan ja baya, bakin biniyar ya fito da baƙin layi. Mai shan sigari da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, nasu ya fi saurin lalacewa, musamman in dashen haƙori za a yi, wanda shi ma ba a yi sai muƙamuƙi ya gama girma.

Sai hannun da zai yi aikin. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma neman ganin shaidar ba rashin kunya ba ne. Mai ƙera haƙoran roba da mai wankin haƙori ƙwararru ne a fagensu, amma gurza haƙori da tsara waya aikin likita ne. Ba nan kaɗai ba, a Amurka ma sai da ƙungiyar likitocin haƙori ta yi gargaɗi a 2024 kan masu kwas na 'yan kwanaki da ke liƙa wa mutane biniya. Kayan aikin da ke taɓa jini in ba a dafa su yadda ya kamata ba suna iya ɗaukar ciwon hanta daga baki zuwa baki. Araha ba ta ado. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen haƙori, kuma ko ba can za a yi aikin ba, jin ra'ayi na biyu daga wanda ba shi da riba a cinikin ya cancanci bin layi.

Amare da angwaye su ne suka fi faɗawa gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanki da farantawa a yi su da saura wata ɗaya ko biyu, yadda tsami zai lafa kafin ranar kamu, babban aiki kuwa ko a fara da wuri ko a bari sai bayan biki. A gaban likita, 'yata, ki tambaya kai tsaye: biniya ce ko hula? Haƙora nawa, kuma milimita nawa za a rage? Akwai hanyar da ba sai an gurza ba? In ta ɓalle bayan shekara biyu, wa zai gyara, a kan nawa? Ɗana, ka nemi a ɗora maka samfurin gwaji a kan haƙoranka yadda suke, don ana iya yin haka da farin ciko na wucin gadi ba tare da an taɓa komai ba. Ka yi magana da shi, ka fita rana ka dubi madubi, ka ɗauki hoto ka nuna wa mahaifiyarka. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma fara da ɗaukar hoton saiwoyi da auna dasashi kafin ya fito da ma'aunin launi. Wanda ya ce a biya yau don rangwamen zai ƙare gobe, a ce masa za a je gida a yi shawara. In kuma an yi aikin, a karɓi takardar da ta nuna haƙoran da aka taɓa, da irin kayan da aka sa, da lambar launin, a adana ta tare da hotunan, domin likitan da zai sake aikin nan da shekara goma sha wani abu zai nemi ganinsu.